Kashi Hamsin Ɗin Nan, Wa Ya Ba Ka Shi?

A zangon karatun da ya gabata wani ɗalibina ya kawo mini babi na huɗu na kundin digirinsa na biyu domin in duba. Haifaffen Tamale ne, a unguwar Zogbeli ya tashi, kuma a kan matsayin Hausa a unguwar tasu yake bincike. A tsakiyar babin akwai wata jimla da ya ja wa layi, mai cewa bincike ya tabbatar mafi yawan mazauna Zogbeli suna jin Hausa. A ƙarƙashinta ga jadawali tsaf, ga harafin p, ga lamba wadda ba ta kai 0.05 ba. Da na bi jadawalin a hankali sai na ga ya auna abin da ya samo ne da kashi 50 cikin ɗari. Na ce masa, "Wannan kashi hamsin ɗin wa ya ba ka shi?" Ya yi jim, sannan ya ce, "Malam, a kwamfuta na tarar da shi."

Gaskiyarsa ya faɗa. Manhajar SPSS, wadda galibin ɗalibanmu ke amfani da ita, idan aka buɗe gwajin kaso a cikinta za a iske an riga an rubuta 0.50 a akwatin lambar gwaji, idan kuwa gwajin matsakaici ne za a iske sifili. Wanda bai san amfanin akwatin ba sai ya bar shi yadda ya gan shi, ya latsa maɓalli, sakamako ya fito da kwarjininsa. Ra'ayina, wanda na daɗe ina faɗa a aji kuma nake so in rubuta shi yau domin ɗaliban Hausa, shi ne cewa wannan ɗan akwatin shi ne binciken gaba ɗaya. Ɗalibin da ba zai iya kare lambar da ke cikinsa da hujja ba, gara ya bar gwajin, ya kawo mana abin da ya gani da idonsa.

Bari in fara da abin da ake nufi da gwajin hasashe mai samfuri ɗaya, don na san da yawa cikinku adabi ko nahawu ya kawo ku sashen Hausa, kuma tun sakandare kuka yi sallama da lissafi. Mai bincike ba ya iya tambayar kowa da kowa, sai ya ɗebi wasu mutane su wakilci sauran, su ne samfuri. Idan samfuri biyu ya ɗiba, misali ɗaya daga Zogbeli ɗaya daga Zangon Hausa na Tamale, to junansu zai kwatanta. Idan kuwa ɗaya ne tak, babu abokin kwatance a cikin bayanansa, dole ya kawo wata lamba daga waje ya ce, "Mu ƙaddara a gaskiya abin kaza ne." Wannan ƙaddarawa ita ce nake kira hasashen babu-bambanci. Daga nan sai lissafi ya amsa tambaya guda: da a ce hasashen nan gaskiya ne, sau nawa cikin ɗari sa'ar ɗiba kawai za ta ba da sakamako mai nisa da shi kamar wanda aka samu, ko fiye? Amsar ita ce ƙimar p. Idan ta yi ƙanƙanta ƙwarai sai a ce hasashen bai yi kama da gaskiya ba. Iyakar aikin gwajin ke nan. Mai sayen hatsi a kasuwar Aboabo yakan duba kwanon awo kafin ya duba masara, mu kuwa sai mu zuba wa masara ido mu manta da kwano.

Ga lissafin a aikace. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, na zaɓe su don su yi sauƙin bi, ba na ɗalibin ba ne. A ce an tambayi mutum 100, sai 60 suka ce suna jin Hausa. Idan hasashen shi ne rabi da rabi, girman kaucewar da ake sa rai daga samfuri zuwa samfuri shi ne maki 5, wato a ninka 0.5 da 0.5, a raba da 100, a ɗauki tushen murabba'i. Tsakanin 60 da 50 akwai maki 10, ninki biyu ke nan na kaucewar, kuma ƙimar p da ta dace da haka ita ce kimanin 0.046. Ta gaza 0.05, ɗalibi ya yi murna. To amma wannan hanyar kintace ce. Idan aka ƙirga yiwuwar daidai wa daida, sai p ta zama kimanin 0.057, wato ta haura layin. Bayanai ɗaya, hasashe ɗaya, amma hukunci ya sauya saboda hanyar lissafi. Yanzu a goge 50 a rubuta 55 a akwatin. Sai p ta tashi zuwa wajen 0.31, duk "tabbacin" ya watse. Ba a ƙara mutum ko ɗaya ba, ba a rage ba. Abin da mutum 100 ɗin nan ke iya faɗa da gaskiya shi ne kason yana wani wuri tsakanin kusan 50 da kusan 70. Da ɗalibaina za su riƙa rubuta wannan tazarar kurum, da sun rage mini ciwon kai.

Akwai wuraren da rabi da rabi yake da asali, kuma tarihin fannin da su ya fara. A 1710 wani likita mai suna John Arbuthnot ya duba rajistar jariran birnin Landan ta shekara 82, daga 1629 zuwa 1710, ya ga a kowace shekara maza sun fi mata yawa. Ya ce da abin kamar jefa kwabo sama ne, da yiwuwar maza su rinjaya sau 82 a jere ita ce rabi a ninka da kansa sau 82, lambar da ƙanƙantarta ta wuce misali. Rabin nasa daga tambayar kanta ya fito: ko dai maza su fi yawa a shekara ko mata. Haka kuma Ronald Fisher, a littafinsa na 1935 kan tsara gwaje-gwaje, ya kawo labarin matar da ta ce tana gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. Ya tsara kofi takwas, huɗu haka huɗu haka, aka cakuɗa jerinsu. Mai canki-canka yana da dama 1 cikin 70 ya dace da duka. Fisher bai aro wannan lamba daga kowa ba, tsarin gwajin ne ya haife ta. Shi ne kuma ya yayata layin 0.05 a littafinsa na 1925, a matsayin ma'auni mai sauƙin aiki. Mu ne muka mayar da shi katangar da ke raba mai digiri da marar digiri.

To a Zogbeli mene ne ya haifi kashi hamsin? Wani zai ce ai tambayar ita ce ko masu jin Hausa sun fi rabi, don haka rabi ne kan iyaka. Na yarda da wannan idan zaɓe ake yi, inda wanda ya haura rabi yake lashe kujera. Harshe ba a cin kujera da shi. Unguwar da kashi 48 ke jin Hausa da wadda kashi 52 ke ji, a rayuwar yau da kullum abu ɗaya ne. Ballantana ma kalmar "ji" ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Zogbeli tsohuwar unguwa ce a cikin garin Tamale, galibin mutanenta Dagwamba ne, harshen gida Dagbani ne. Hausa ta shigo ƙasar ne ta hanyar fataucin goro, tun zamanin da ayari ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake da malamai suka warwatsu zuwa wasu garuruwa. Tsawon wannan cuɗanya ya sa Dagbani kansa ɗauke yake da kalmomi irin su shinkaafa da daliri da lahabali, waɗanda Bahaushe zai gane shinkafa da dalili da labari a cikinsu ba tare da tafinta ba. A irin wannan wuri, wanda ya iya gaisuwa da ciniki zai ce yana ji. Wanda ke sauraren wa'azi da Hausa amma ba ya mayarwa zai ce yana ji. Wanda Hausa ce harshen mahaifiyarsa shi ma zai ce yana ji. Uku ne mabambanta, takardar tambayoyi ta haɗe su a "e" guda. Sannan kada a manta cewa tambayar harshe da asali tana da nauyi a Ghana tun dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969, wadda ta taɓa mutanen zanguna da yawa. Dattijon da ya ga wancan zamani, idan baƙo ya zo masa da biro da takarda yana tambayar yarensa, ba mamaki ya auna amsarsa kafin ya bayar.

Wani ɓangaren wannan ciwo shi ne abin da na fi gani a kundayen da ake turo mini daga sassan ilimi da na harsuna: ma'aunin ra'ayi mai mataki huɗu, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", sannan a ce duk matsakaicin da ya haura 2.50 an amince, wanda ya gaza an ƙi. Lambar 2.50 tsakiyar 1 da 4 ce, babu wani sirri a cikinta. Wasu sukan ɗora gwajin t a kai, wanda William Gosset ya fitar a 1908 da sunan aro na "Student", lokacin yana aiki a kamfanin Guinness a Dublin. Shi Gosset abubuwan da ake aunawa da sikeli yake lissafawa, inda tazara tsakanin ɗaya da biyu daidai take da tazara tsakanin uku da huɗu. Wa ya auna mana cewa nisan da ke tsakanin "na yarda" da "ban yarda ba" daidai yake da wanda ke tsakanin "na yarda" da "na yarda ƙwarai"? Mafi muni, na taɓa ganin kundin da aka bar sifilin nan na kwamfuta a akwati, aka gwada ma'aunin 1 zuwa 4 da shi. Tunda ba wanda zai iya ba da amsa ƙasa da 1, kowace tambaya sai ta fito "mai muhimmanci". An tabbatar da hasashe goma sha wani abu a shafi guda, kuma har kundin ya wuce hannu biyu kafin ya zo gare ni.

Ɗalibi mai hankali zai ce to bari in ɗauko lambar daga hukuma. Wannan ya fi, amma shi ma da sharaɗi. Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta yi ƙidayar jama'a a 2010 da 2021, ta ƙarshen ta sami mutum miliyan 30.8. Tambayoyin da suka shafi fanninmu a ciki su ne ƙabilar mutum da harshen da yake iya karatu da rubutu da shi. Duka biyun ba su ne "jin Hausa" ba. Badagwamben da ke ciniki da Hausa kullum ba ya cikin ƙabilar Hausawa, kuma watakila bai taɓa rubuta layi ɗaya da ita ba. Ga kuma batun iyakoki. An cire Sagnarigu daga ƙaramar hukumar Tamale a 2012, don haka Tamalen 2010 ba ita ce Tamalen 2021 ba a takarda. Yankin Arewa ma an raba shi uku bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disambar 2018, aka fitar da Savannah da Arewa maso Gabas. Wanda ya ɗauko kason tsohon yanki ya auna unguwa guda da shi, ya auna tuwo da mudun gero. 'Yan Nijeriya cikinku ma kada su yi dariya, ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba sam, amma nakan ga kundaye suna kawo "kason Hausawa" na jiha kaza har da ɗigo biyu bayan lamba.

Ko da lambar akwatin ta inganta, saura ɗaya hannun sikelin. Duk lissafin da na yi a sama ya ginu ne a kan sharaɗin cewa kowane mazaunin unguwa yana da dama iri ɗaya ta shiga samfuri, kuma amsar wani ba ta rataya ga ta wani ba. Na tambayi ɗalibina inda ya sami mutanensa. Ya ce wasu a ƙofar masallaci bayan la'asar, wasu a rumfunan abokan yayansa, sauran kuma ya bi gidaje. Na farko maza ne zalla, na biyu 'yan kasuwa ne, su ne kuwa suka fi kowa buƙatar Hausa. Gidajen kuma irin manyan gidajen nan ne na Tamale, ɗakuna kewaye da tsakar gida, iyalai da yawa a ƙofa ɗaya. Ya shiga gida ya tambayi mutum biyar, ya ƙirga biyar. Amma mutanen gida ɗaya harshensu yakan zo ɗaya. Leslie Kish ya ba da hanyar lissafa wannan asara a littafinsa na 1965 kan ɗibar samfuri. A misalinmu, idan mutum 100 sun fito daga gida 20, biyar-biyar, kuma kamancin amsa a cikin gida ya kai rabi, to darajarsu ta mutum 33 ce kacal, p kuma ta koma wajen 0.25. Yawan jama'a ba ya gyara karkatacciyar ɗiba. Mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshi fiye da miliyan biyu a 1936, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt, sai Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48.

Me ya sa na damu haka da jimla ɗaya a kundin da watakila mutum biyar ne za su karanta? Saboda irin waɗannan jimloli ba sa zama a kundi. Hausa ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da Hukumar Harsunan Ghana ke wallafa littattafai da su, ko da yake gidan rediyon ƙasar ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita, kuma akwai masu fafutukar ganin an ba ta gurbi a makarantu. Ina tare da su. Amma ranar da ɗayansu ya miƙe a taro ya ce "bincike ya tabbatar" mafi yawan mutanen wata unguwar Dagwamba Hausa suke yi, sai wani ya nemi ganin binciken ya tarar da ƙofar masallaci da rumfar yaya, to ba kundin kaɗai zai faɗi ba. Kuma mutanen Zogbeli suna da haƙƙin kada a sauya musu harshe a takarda.

Wasu abokan aikina, musamman na ɓangaren adabi, suna ganin maganin shi ne a kori ƙididdiga daga nazarin Hausa baki ɗaya. Sukan ce Rattray da Malam Shaihu sun tattara tatsuniyoyi da al'adu a wannan ƙasa ta Ghana, aka buga a 1913, babu p ko ɗaya, kuma har yau ana cin moriyar aikin. Sukan ƙara da cewa masu fannin da kansu sun koka, tunda Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana gargaɗi kan yadda ake wulaƙanta ƙimar p. Rabin maganarsu gaskiya ne. Kundin da ya kwatanta yadda ake ciniki a Aboabo, wa ke fara magana da wane harshe, a ina ake juyawa, ya fi mini kundin jadawali goma marasa tushe. Inda muka rabu shi ne, akwai tambayoyin harshe da kunne kaɗai ba ya iya yanke musu hukunci, domin kunnen mai bincike abin da yake so ya ji shi yake ji. A nan gwajin yake da amfani, in an gina shi yadda Fisher ya gina kofunansa.

Misalin da na ba ɗalibin nawa shi ne jinsi. Sananne ne a nazarin karin harshe cewa Hausar Ghana, wadda ake kira Gananci, ta yi watsi da bambancin namiji da mace a nahawu, ana jin "ya" a inda Bakano zai ce "ta". Tambaya mai ma'ana ita ce: matashin Zogbeli da ke kallon finafinan Kano yana sauraren sashen Hausa na BBC, shin yana gane jinsin Daidaitacciyar Hausa idan ya ji, ko da ba ya amfani da shi? A zaɓi sunaye 20, goma maza goma mata. A naɗi kowanne a jimla biyu, ɗaya da "ya" ɗaya da "ta", a cakuɗa jerin, a ce ya nuna wadda mutumin Kano zai faɗa. Mai canki-canka zai dace da kusan 10. Wanda ke zaɓen "ya" a ko'ina zai dace da 10 cif. Ka ga rabin nan yanzu yana da uba, tsarin ne ya samar da shi. Damar mutum ya dace da 15 ko fiye da sa'a kawai kimanin 2 ce cikin ɗari, don haka wanda ya kai nan akwai abin da ya sani. Wanda ya tsaya a 12 kuwa ba za mu ce bai sani ba, sai dai mu ce sunaye 20 ba su isa su nuna ba. Wannan bambanci ɗalibai suna yawan tsallake shi: kasa rushe hasashe daban, tabbatar da shi daban.

A nan ne kuma ilimin Hausa yake shiga, abin da masanin ƙididdiga ba zai yi maka ba. Galibin sunayen mata a Hausa da wasalin "a" suke ƙarewa: riga, gona, kasuwa, rana. Idan duk matan jerinka haka suke, mazan kuma duk da wasu wasula suka ƙare, to mai wayo zai gano dabarar a suna na biyar, ya cinye gwajin ba tare da ya san jinsi ba. Dole a sa maza masu ƙarewa da "a", irin su gida da ruwa da nama da suna, a sa mata marasa ita, irin su gwamnati da sunayen garuruwa. A kuma guji mace da yarinya da saniya, domin jinsinsu a jiki yake, ba a nahawu kaɗai ba. Sannan kada mai binciken ya karanta jimlolin da bakinsa, muryarsa za ta tona wadda yake so.

Ɗalibin ya koma Tamale da hutu, da jerin sunayensa da na'urar naɗar murya, da kuma taswirar unguwa wadda ya sa wa gidaje lamba domin ya fitar da su da ƙuri'a, mutum ɗaya a kowane gida. Babi na huɗu ya koma fanko, abin da bai yi masa daɗi ba ko kaɗan, tunda abokan karatunsa sun riga sun kai babi na biyar. Makon jiya ya kira ni a waya kan suna na goma sha bakwai. Ya sa "teku" a cikin mata, sai wani dattijo ɗan asalin Sakkwato da ke zaune a Zango ya ce masa shi a wurinsa ba lallai ba ne. Na ce ya cire shi ya nemi wani, sunan da Hausawan Nijeriya ma ba su daidaita a kansa ba ba zai zama ma'auni a Zogbeli ba. Ya ce, "Malam, to in sa Tamale?" Na ce ya sa.